Tambaya ta Talatin

A kwalejinmu ba mai kiranta da sunanta. Masu gyara ne suka laƙa mata Sammaci, sunan kuma ya bi ta har ofis, har ita kanta in ta ɗaga waya takan ce, "Sammaci ce ke magana." Ni dai Anti nake ce mata, don ta isa ta haife ni.

Ofishinmu ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar babban gini. Tebur uku ne a ciki, da kabad biyu na ƙarfe, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Aikinmu guda ne, jin ra'ayin ɗalibai. Kowace shekara, in zango na biyu ya raba tsakiya, sai mu raba musu takarda mai tambaya talatin. Ashirin da tara na farko duk zaɓi ne: sau nawa kake halartar darasin farko na safe, sau nawa kake shiga ɗakin karatu, malamai na amsa maka tambaya, ka gamsu da ruwa da wuta da wurin zama. Ɗalibi ya sa alama a ɗaya daga cikin akwati biyar, ya wuce. Ta talatin ce kaɗai ba ta da akwati. Cewa take, "Akwai wani abin da kake son gaya mana?" Sai layi uku a ƙasanta.

Anti ce ke shigar da amsoshin a kwamfuta, takarda dubu biyu da ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya, har mako shida. Ni da aka ɗauka bara, nawa shi ne in juya lambobin su zama jadawali, Darakta, shugaban ofishinmu, ya kai wa kwamitin kwaleji. Jadawalin nan tambaya ashirin da tara kawai yake ci. Ta talatin ba ta da gurbi a ciki, don haka a ƙa'ida ba aikin kowa ba ce. Anti ta mai da ita nata, yau shekara goma sha tara.

In ta gama da lambobin takarda sai ta gyara tabarau, ta karanta layukan nan uku. Wasu ba su rubuta komai. Wasu su ce "Babu." Wasu su zana fure. Amma in ta ga magana, sai ta sake buga ta a takarda dabam don kada a gane rubutun hannun yaro, ta yanke da almakashi, ta jefa a ambulan. Ambulan bakwai gare ta a aljihun tebur: na mai gyaran famfo, na mai wuta, na kafinta, na masu shara, na masu gadi, na ɗakin karatu, sai na malamai. Ranar Alhamis da hantsi ta sa takalminta na yawo, ta rataya jaka, ta shiga zagaye.

Alhamis ta farko da na raka ta, tun daga nesa mai gyaran famfo ya hango mu ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Jama'a, ga Sammaci nan! Hajiya, ni fa ban ci kayan kowa ba."

"Ka ci ruwan 'yan mata. Famfon bene na biyu, mutum tara suka rubuta."

"Na gyara shi makon jiya!"

"Ka ɗaure masa wuya da roba ka gudu. Ɗauko jakarka mu je in gani."

Yana ta ƙunƙuni, amma ya ɗauko. Da muka fito sai ta zaro wata 'yar takarda daga can ƙasan ambulan ta miƙa masa. Wani ɗalibi ne ya rubuta cewa mai famfon nan mutumin kirki ne, ranar da ruwa ya ɓalle a ɗakin kwana shi kaɗai ya zo cikin ruwan sama. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Kowace ambulan tana da irin wannan a ƙasa. Anti ta ce magani mai ɗaci da zuma ake bin sa.

A hanyar dawowa ne ta ba ni labarin mahaifinta. Ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin yana raba wasiƙu a kan keke. In adireshi ya goge ba ya mayar da wasiƙa, sai ya bi gida gida yana tambaya har ya sami mai ita. Yakan ce wanda ya rubuta ya sauke nauyinsa, saura na wanda ya karɓa. Shi ya kai ta makarantar koyon buga tafireta tana da shekara goma sha bakwai. A kwalejin nan ta fara aiki, a nan ta yi aure, a nan ta yaye 'ya'ya huɗu, tana buga wasiƙun manya. Da aka buɗe ofishin jin ra'ayi aka turo ta, ranar farko ta ci karo da takardar wata yarinya da ta rubuta cewa ba ta ganin allo daga baya, kuma kunyar faɗa take ji.

"To ki gaya mini, 'yar nan," ta ce da ni, "wannan ba wasiƙa ba ce? Mu muka tambaye ta, ta ba mu amsa. Sai mu sa a kabad?"

Wata Litinin da safe Darakta ya shigo yana ɗauke da kwali, fuskarsa kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Mutum ne mai tsabtar zuciya, bai kai arba'in ba, kuma ban taɓa ganin mai son jadawali kamarsa ba. Ya buɗe kwalin ya fito da wata na'ura fara.

"Anti, kin huta! Mako shida ya koma kwana biyu. Ɗalibi ya cike ɗan da'ira da fensir, mu zuba takardun ta nan, su fito ta can, shi ke nan."

Ya gwada mana da takarda goma. Fiu, fiu, fiu, kafin in ƙifta ido lambobi sun hau kwamfuta. Anti ta tafa hannu, ta ce a sake. Aka sake. Ta yi ta dariya tana shafa bayan na'urar kamar ɗan akuya, tana cewa yatsunta sun gode. Sai da ya miƙo mata sabon fom ɗin, ta bi shi da yatsa har ƙasa, sannan dariyar ta tsaya.

"Yallaɓai, an manta da guda."

"Ba mantuwa ba ce. Na'urar ba ta karanta rubutun hannu, kuma dole komai ya shiga shafi ɗaya. Kwamiti zai zauna Larabar makon gobe, ya ji sakamakon bana, ya sa hannu a sabon fom. Daga baɗi ta talatin ta fita."

"To yaran a ina za su yi magana?"

"Ai suna magana, Anti. Sau ashirin da tara."

Ya faɗa da murmushi, ba da wulaƙanci ba, ya fita. Anti ta zauna. Ta ci gaba da buga madannai har aka tashi. Aikinta ba ya cikin haɗari, saura mata shekara uku ta yi ritaya, kuma wasiƙun bugawa ba sa ƙarewa a kwaleji. Layukan nan uku ne za su tafi, kuma in kwamiti ya sa hannu, sun tafi ke nan.

Washegari wajen azahar ina cikin haɗa jadawalin bana sai na ji ta buga tebur.

"'Yar nan! Zo, zo, zo! A tambayar halartar darasin safe, wane aji ne na ƙarshe?"

Na duba. 'Yan shekarar farko ne na sashen kimiyya, kuma ba ƙaramin faɗuwa suka yi ba. Darakta har ya riga ya rubuta a rahotonsa cewa ɗaliban ajin ba su da himma, a kira malamin sinadarai da ke ɗaukarsu da ƙarfe takwas ya yi wa kwamiti bayani. Ana ma raɗe-raɗin za a ba shi takardar gargaɗi.

Anti ta baje takardun ajin a gabana. Ɗalibi sittin da huɗu ne, talatin da bakwai daga cikinsu sun rubuta abu ɗaya a tambaya ta talatin, kowa da irin bakinsa. "A taimaka a riƙa buɗe ƙaramar ƙofa da wuri." "Ƙaramar ƙofa ce matsalarmu." Wani ya rubuta, "Muna zuwa, ƙofa ce ba ta zuwa."

Idanunta suna ƙyalli a bayan tabarau. "Ruwa ba ya tsami banza. Gobe bakwai da rabi ki same ni a ƙaramar ƙofa. Gani ya kori ji."

Ƙaramar ƙofa tana can bayan ginin kimiyya, ta wajen layin dogo, inda gidajen hayar ɗalibai suke. Mun isa ta ciki da bakwai da rabi, muka tarar da ita garƙame da kwaɗo. Ta tsakanin ƙarafunan muna ganin ɗalibai suna taruwa, wasu da farar rigar ɗakin gwaji a kafaɗa, wasu suna karatu a tsaye. Kafin takwas saura kwata sun fi arba'in. Wata doguwar yarinya ta leƙo ta ce, "Mama, ko ke ce mai mabuɗi?"

"A'a, 'yata. Kullum haka kuke?"

"Kullum! In ka zagaya ta babbar ƙofa, rabin awa ne a ƙafa. In ka tsaya nan, sai takwas da minti goma. Malam kuwa takwas da biyar yake kulle ɗakin gwaji."

"Kun gaya masa?"

Duk suka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ta ina, Mama? Ta ramin mabuɗi?"

Takwas da minti goma daidai wani dattijon maigadi ya ɓullo yana ɗingishi, mabuɗi na lilo a hannunsa. Yana buɗewa suka kwararo kamar an ɓalle madatsar ruwa, suka nufi bene da gudu. Muka bi su. Ƙofar ɗakin gwaji a kulle. Ta taga na ƙirga waɗanda ke ciki, mutum goma sha tara. Sauran suka ɗan tsaya cirko-cirko, suka watse.

Malamin ba mugu ba ne. A minti goman farko yake bayanin abin da za a taɓa da abin da ba za a taɓa ba, wanda bai ji ba kuwa ba ya yarda ya kusanci kwalaben sinadarai. Maigadin ma ba malalaci ba ne. Mabuɗin a akwatin babbar ƙofa yake kwana, ba a fitar da shi sai masu gadin rana sun karɓi aiki da ƙarfe takwas sun sa hannu a littafi, sannan ya tako da ciwon gwiwarsa. Kowa yana kan ƙa'idarsa, yara kuma suna faɗuwa a tsakani.

Anti ba ta koma ofis ba. Kai tsaye ta nufi ɗakin shugaban masu gadi, wani tsohon soja mai gashin baki da kowa ke kira Saje. Ina biye da ita ina haki, don in ta sa abu a gaba ba ta san tana da shekaru ba.

"Yau Laraba ce, Sammaci," in ji shi. "Kin yi ɓatan kai."

"Saje, da ƙarfe nawa kake zuwa aiki?"

"Bakwai daidai. Tun ina soja ban taɓa makara ba."

"Kai kana da ikon fitar da mabuɗi kafin takwas?"

"Ni ne littafin, ni ne akwatin. Me ya faru?"

Ta zube masa takardun nan talatin da bakwai da ta buga, ta ce ya karanta. Ya fara a tsaye, ya ƙare a zaune. Da ya zo kan "ƙofa ce ba ta zuwa" sai gashin bakinsa ya motsa.

"Ni Saje, a ce ƙofata ce ke kayar da 'ya'yan mutane? Shekara nawa ana haka ba wanda ya zo ya gaya mini?"

"Ga shi sun gaya maka."

"Gobe bakwai da kwata. Ni da kaina zan buɗe. Wanda ya makara bayan haka, shi da Allahnsa."

Muna fita Anti ta kama hannuna ta girgiza har sai da na ji zafi. "Alhamis, Litinin, Talata! Darasi uku kafin kwamiti. Mu ga abin da rajista za ta ce!"

Ba ta so ta yi wa Darakta bazata a gaban manya. Ranar Alhamis ta sa kwafin takardun a ambulan ta kai masa, ta ce don Allah ya duba kafin Laraba. Yana kan waya da mutumin da ya sayar da na'urar, ya karɓa, ya gyaɗa kai, ya tura a aljihun tebur. Ranar Juma'a ta tuna masa, ya ce yana sane.

Ranar Asabar da la'asar ta kira ni gidanta in taya ta shirya abin da za ta faɗa. Ita ba 'yar kwamiti ba ce, iyakarta ta shiga ta raba kwafin rahoto ta fita, amma ta ce in Allah ya buɗe mata 'yar kafa ba za ta tsaya in-ina ba. Gidan ɗaki uku ne da tsakar gida mai igiyar shanya, shagon ɗinkin maigidanta yana manne da ƙofar shiga. Ta jera mu a kan benci: maigidan da tef ɗin awo a wuya shi ne shugaban kwaleji, autarta mai koyon aikin jinya ita ce Darakta, ni kuma sauran kwamiti. Ta tsaya a gabanmu da takarda shafi huɗu.

"Ranka ya daɗe, shugabanni masu girma, tun shekarar da aka kafa wannan ofishi..."

Maigidan ya sunkuyar da kai ya fara minshari.

"Malam, mene ne haka?"

"Shugaban kwaleji ya yi barci. Ke da kike tsare ni a bakin ƙofa ki gama da ni cikin kalma uku, yau kin koma mai wa'azi?"

"Umma, ki yanke shafi uku," in ji autar. "Ni Darakta ce, ina da wani taron."

"Ke rufe mini baki, da ke da ubanki duk ba ku san aikin gwamnati ba."

Ta sake farawa, ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya: yaushe za a kawo wa kwamiti shayi? Ta jefe shi da murfin biro. Muka yi ta dariya har maƙwabciya ta leƙo. Amma da ta shiga ɗaki ɗauko kofuna, sai ya rage murya ya ce da ni, "Kwana biyar ke nan ba ta cin abincin kirki. Yaran nan da ba su san fuskarta ba, ji take kamar ita ta haife su. Ki tsaya kusa da ita ranar."

Ranar Laraba aka zauna a ɗakin taro na bene, dogon tebur mai kujera goma sha huɗu, da labule mai kauri da aka ja don hoton jadawali ya fito a bango. Ni ina can kusurwa ina danna kwamfuta. Anti ta raba kwafin rahoto, ta koma bakin ƙofa ta tsaya rungume da ragowar, kamar mai jiran a ce a ƙaro.

Darakta ya yi bayani mai kyau. Gamsuwa da ɗakin karatu ta hau, da ruwa ta hau, da wuta ta ɗan sauka. Sai aka zo kan guntun ginshiƙin nan ja na 'yan shekarar farko. Shugaban kwaleji, dattijo mai magana a hankali, ya juya wajen malamin sinadarai, wanda aka ajiye a kujerar ƙarshe da rajistarsa a kan cinya.

"Malam, ɗalibanka ba sa zuwa darasinka. Me za ka ce?"

Malamin ya miƙe, ya buɗe rajistar. "Ranka ya daɗe, da makon jiya aka tambaye ni, da na ce yaran zamani ne. Tun farkon shekara ban wuce mutum ashirin. Amma ranar Alhamis na shiga na tarar da hamsin da takwas. Litinin sittin da ɗaya. Jiya sittin da biyu, har kujeru suka kasa."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Shugaba ya cire tabarau. "Me ka canza?"

"Wallahi ban canza komai ba."

"Ka yi musu barazana da jarrabawa?"

"Ko kusa."

"Darakta, jadawalinka ya san dalili?"

Darakta ya dubi bango, ya dubi takardunsa, ya ce sai an yi bincike. Na waiga wajen Anti. Shafukan nan huɗu suna cikin jakarta, na ga hannunta ya nufi jakar, ya fasa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ƙofa ce."

Kawuna goma sha huɗu suka juyo. Shugaba ya ce ta matso. Ta matso, ta faɗi yadda abin yake cikin 'yan kalmomi: mabuɗi, littafi, gwiwar maigadi, minti biyar na malam, da Saje da ya fara buɗewa tun Alhamis.

"Ke wa ya gaya miki?"

"Su suka gaya mana, ranka ya daɗe. A tambaya ta talatin. Mutum talatin da bakwai."

"Ina takardun?"

Kafin ta amsa Darakta ya miƙe. "Suna aljihun teburina, ranka ya daɗe. Tun Alhamis ta ba ni, ban buɗe ba." Ya dube ni, na sauka da gudu na ɗauko. Shugaba ya zazzage ambulan a kan tebur, 'yan takardu suka bazu, manya suka shiga ɗauka suna karantawa suna miƙa wa juna. Malamin sinadarai ya karanta guda, ya dafe goshi, ya ce, "Ni kuwa ina ta zaginsu a zuci."

Nan fa taro ya rikice da magana. Shugabar ɗakin karatu ta ce ai ita kowace Alhamis tana samun irin waɗannan, da su ta san a ƙara awa ɗaya ranar Asabar. Magatakarda ya ce shi ya ɗauka ofishinsa ne ya gano matsalar fitilun ajin baya, aka ce masa ya tambayi mai wuta wa ya aiko shi. Shugaba ya bar su suka yi, sannan ya ɗaga sabon fom.

"To, ina tambayar take a nan?"

"An cire, ranka ya daɗe," in ji Darakta. "Na'urar ba ta karanta rubutu, kuma shafin ya cika." Ya juya takardar a hannunsa, ya tsaya yana kallon bayanta fari fat. Sai ya yi dariya, ya ɗaga ta sama. "Amma na'urar gaba kawai take karantawa. Baya ba ruwanta da shi."

"Na'ura ta karanta gaba, ita ta karanta baya," in ji Shugaba. "Kuma daga bana abin da suka rubuta ya riƙa shigowa rahoto, mu ma mu gani. Akwai mai ja?"

Ba wanda ya ja. Aka janye maganar gargaɗin malam, aka sa hannu.

Anti ta fita a natse, ta sauka matakala a natse, ta shiga ofis ta tura ƙofa. Sannan ta wurgar da ragowar rahoton sama, ta rangaɗa guɗa har fanka ta ji kunya. Ta rungume ni, ta sake ni, ta zagaya tebur tana taka rawa da takalminta na yawo, tana cewa, "Ta zauna! 'Yar nan, ta zauna!"

A haka Darakta ya same mu. Ya tsaya a bakin ƙofa da fom a hannu, ya ce, "Anti, ki yafe mini ambulan ɗin nan."

"Wuce nan, Yallaɓai, ai kai ka samo mata ɗaki. Kawo rula."

Ya ajiye takardar a kife, ya ce a ja layi biyar, tunda da uku ne.

"Biyar? A wannan fili? Ashirin."

"Anti, ɗalibi dubu biyu da ɗari uku ne fa. Wa zai karanta?"

"Da wa ke karantawa?"

"Takwas."

"Goma sha biyar, kuma a bar tazara, wasu rubutunsu kamar sawun kaza."

Suka daidaita a goma sha biyu. Ita ta ja su da kanta, da fensir da rula, tana ciza leɓe, ɗaya bayan ɗaya har ƙasan shafi. Da ta gama ta ɗaga takardar ta ƙare mata kallo, ta lissafa wani abu da yatsu, sai na ga ta cire tabarau ta murza ido.

"Layi goma sha biyu sau dubu biyu," ta ce a hankali. Ta dube ni. "Ke, idonki sabo ne. Jawo kujerarki nan kusa, in nuna miki yadda ake gane wanda yake wasa da wanda yake kuka."

Na jawo kujerar.